Makarantar Lojik ta Oga Sylvanus

A unguwar Television, can bayan kasuwa, a gidan hayar Baba Shekari, an yi wani mutum ana ce masa Sylvanus. In ka zauna da shi minti biyar, to ka gama jin tarihin ƙwaƙwalwarsa. Ya ce tun yana firamare hedimasta yake kiransa ofis ya duba masa lissafi. Ya ce da ba don ya tsaya a aji biyu na sakandare ba, da yanzu Turawa ne ke buɗe masa ƙofar mota. Abin da dai kowa ya gani da idonsa shi ne, yana aiki a sashen rini na wata masaƙa a Kakuri, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan hannuwansa ba su rabu da shuɗi ba.

Shekarun ostariti ne, na tsuke bakin aljihu, masaƙu suna ta rage ma'aikata. Wata safiya aka manna takarda a bakin get: za a rufe layin aiki biyu, amma akwai guraben akawu a sito. Duk mai so ya zo nan da mako uku ya zauna jarrabawar gwada basira, wadda ma'aikata suka laƙaba wa suna aftitu. Wanda ya ci ya samu kujera da biro. Wanda ya faɗi, sai yadda kamfani ya ga dama ya yi da shi.

Mutum huɗu abin ya shafa a gidan Baba Shekari. Akwai Sylvanus kansa. Akwai Bitrus, wani ƙaton mutumin Pankshin mai tsayuwa kan injin saƙa, ga saurin yarda ga saurin hawaye. Akwai Naomi ta sashen ninke atamfa, wadda ko fomen, mai kula da ma'aikata, yake shakkar bakinta. Sai Malam Usman mai ɗaukar diloli, wanda yakan wuni bai ce komai ba ban da sallama.

Ranar, ukun suka dawo gida jiki a sanyaye. Sylvanus kuwa ya shigo yana fito, da wani tsohon littafi a hammata, wanda ya tsinto a wurin masu baza littattafai a bakin titi.

"Me kuke yi kamar an yi mutuwa?" in ji shi. "Aftitu ai lojik ne kawai, wato aikin hankali, lojik kuwa a cikinsa aka haife ni. Daga gobe kowa ya fito da kujerarsa. Zan koyar da ku kyauta, don kada a ce na shiga ofis na bar maƙwabtana a rana."

Matarsa Eunice ta karɓi littafin ta juya bayansa. "Baban Celina, ina ƙarshen littafin? An yage."

"Amsoshi ne a wurin."

"To da me za ka san an yi daidai?"

"Amsa don marasa kai ake buga ta," ya ce, yana ƙwanƙwasa goshinsa da shuɗin yatsa. "Tawa tana nan ciki."

Washegari da yamma ya fito sanye da kwat ɗin ranar aurensa, wadda yanzu maɓallinta ba ya haɗuwa. Babu allo a gidan, sai ya zaɓi ƙofar makewayi, don ita kaɗai ce baƙa. Ya gyara murya, ya fassara tambayar farko, yana rubutawa da alli.

"Duk kaji suna da ƙafa biyu. Wane yana da ƙafa biyu. Shin Wane kaza ne? A, e. B, a'a. C, ba za a iya sani ba. To bari mu sa mutumin da kuka sani, don ya shiga kanku." Ya goge Wane, ya rubuta Baba Shekari da manyan baƙaƙe. "Bitrus, kaji ƙafarsu nawa?"

"Biyu, Oga."

"Baba fa?"

"Biyu."

"Shi ke nan. Amsa A. Baba Shekari kaza ne."

Bitrus ya buɗe baki. "Baban namu?"

"Lojik ba ya jin kunyar kowa. In ya ce kaza ne, kaza ne, ko da lambobin yaƙi a ƙirjinsa."

Naomi ta ɗaga hannu. "Oga Farfesa, kai ƙafarka nawa?"

"Ni malami ne. Malami ba ya shiga cikin tambaya."

"Ka shiga ko ka fita, ga su nan ina gani, biyu, har da kaushi."

Kafin ya ba ta amsa, allon ya motsa. Ƙofar makewayi ta buɗe a hankali, darasin gaba ɗaya ya juya ya fuskanci bango, sai ga Baba Shekari, tsohon soja, tawul a wuya, bokiti a hannu. Ya leƙa bayan ƙofa, ya karanta sunansa harafi bayan harafi.

"Sylvanus."

"Na'am, Baba."

"Ni ne kazar?"

"Misali ne kawai, Baba. A cikin ilimi."

"To a cikin ilimi, kaza tana da ɗakin haya?"

"A'a, Baba."

"Madalla. Ka ci gaba da darasin, in ka gama sai ka nemi akurki ka kai kayanka."

Sai da Eunice ta fito ta durƙusa, Malam Usman ya riƙe wa Baba bokiti, sannan aka kashe wutar. Sylvanus ya wanke ƙofar da soso da sabulu. Da Baba ya shige ɗaki, ya sunkuyo wajen ɗalibansa ya ce a hankali, "Kun gani ko? Bai ce ƙarya ne ba. Fushi kawai ya yi."

Mako na biyu aka koma rubutu a bayan faranti. Nan aka ci karo da tambayar hoto. Wani mutum ya nuna hoto ya ce: ba ni da wa, ba ni da ƙane, amma uban wannan da ke cikin hoton ɗan ubana ne. Hoton wa ke nan?

"Wannan ta yara ce," in ji Sylvanus. "Bitrus, kai kaɗai ne namiji a gidanku, ko?"

"Ni kaɗai, sai 'yan mata biyar."

"Yawwa. Mu ɗauka kai ne mai maganar." Ya zana da'ira, ya ja layi, ya ƙara da'ira, ya goge da hannun kwat, ya sake zanawa, har farantin ya zama kamar sawun kaji a kan yashi. Can ya ja dogon numfashi, ya dubi Bitrus da tausayi. "Ka yi haƙuri, ɗan'uwana. Ban so abin ya fito a gaban mutane ba."

"Me ya fito?"

"Ka ce ba ka da wa ba ka da ƙane. Amma ga shi nan a rubuce, akwai ɗan ubanka. Ke nan babanka yana da wani ɗa a waje, ba ku sani ba. Har ɗan ya yi aure ya haihu, an ɗauki jaririn hoto."

Bitrus ya miƙe, kujerarsa ta faɗi. "Babana dattijon ikilisiya ne! Shekara talatin yana riƙe makullin coci!"

"Ni ban ce komai ba. Farantin ne ya faɗa."

Ƙaton nan ya fashe da kuka, ya faɗa ɗaki, ya fito da jaka a kafaɗa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, wai sai ya je tasha ya hau motar Jos ya ji daga bakin tsohon. Eunice ta tare ƙofar gida da muciya. Naomi ta rataye a jikin jakar, yana jan su kamar buhun auduga. Maƙwabta suka fara leƙowa ta kan katanga suna tambayar wa ya rasu.

Malam Usman ne ya yi gyaran murya. "Bitrus, kai ba ɗan ubanka ba ne?"

Bitrus ya tsaya. "Ni ne mana."

"To kai ne ɗan uban. Kai ne uban na cikin hoton. Ɗanka ne."

Bitrus ya ƙirga da yatsu, ya sake ƙirgawa, ya share hanci.

"Abin da nake shirin faɗa ke nan," in ji Sylvanus. "Na bi ta doguwar hanya ne don in gwada ku."

"Saura kaɗan doguwar hanyarka ta kai mutum Pankshin," in ji Naomi.

Abin ya ɗan sosa wa Sylvanus rai, don ya lura in ya faɗi amsa yanzu ɗaliban sukan kalli juna kafin su rubuta. Saboda haka ya ƙudura zai yi abin da zai rufe bakin kowa. Ya bi layi yana shela cewa ranar Asabar, saura kwana biyu jarrabawa, zai warware tambayar da ta gagari masu digiri, kuma ba a kan takarda ba, a fili, kowa ya zo ya gani.

Tambayar ita ce ta mai kwale-kwale. Mutum yana da kura da akuya da kwandon kabeji, zai haye kogi, kwale-kwalensa kuwa ba ya ɗaukar fiye da shi da abu ɗaya. In ya bar kura da akuya, ta cinye ta. In ya bar akuya da kabeji, ta cinye shi.

Kogi dai akwai shi a ƙofar gida: ƙaton lambatun da ya raba layinsu da kasuwa, wanda ƙarshen damina ya bari cike da baƙin ruwa, da wani faffaɗan katako da ake takawa a haye. Kwale-kwale, baron mai gawayi. Kura, Kofur, karen Baba Shekari, wanda Baba ya ba da aronsa don kawai yana son ganin yadda za ta ƙare. Akuya ta Malam Usman ce, wadda yake kiwo don sunan cikin da matarsa Hauwa ke ɗauke da shi. Kabeji kuwa na Eunice ne, manya guda goma sha biyu da aka aiko mata daga Jos, waɗanda za ta kai coci gobe Lahadi don godiyar kaka. Ta tafi koyon waƙa da ƙungiyar zumuntar mata ta coci, ba ta san an fito da kwandon daga ƙarƙashin gado ba.

Kafin la'asar bakin lambatu ya cika. Teloli sun bar keke, masu tumatir sun juyo da kujerunsu, wani mai gyaran rediyo har da hawa kan bencinsa.

"Kowa ya saki igiya!" in ji Sylvanus. "A cikin littafi babu mai riƙe wa mutumin komai."

"Oga, akuyar nan..." in ji Malam Usman.

"Malam, ka yarda da ilimi. Ka'ida ta farko: abin da ya fi haɗari shi ake fara kawarwa. Kura!"

Kofur bai taɓa shiga baro ba, kuma bai ga dalilin farawa yau ba. Sai da aka yi kokawa, hannun kwat ɗaya ya tafi, sannan Sylvanus ya tura shi kan katako yana haki. Ya isa tsallake, ya ɗaga hannu sama yana jiran tafi. Dariya ya ji. Da ya waiwaya, akuya ta tura kai cikin kwando har wuya, wutsiyarta sai rawa take.

"Wannan gwaji ne!" ya yi ihu, yana dawowa a guje, Kofur na biye da shi. "Na nuna muku yadda ba a yi ne. Ka'ida ta biyu: abin da ba ya iya gudu shi ake fara cetowa. Kabeji!"

Ya ɗora kwandon a baro ya hau katako. Kofur, wanda ransa ya riga ya ɓaci, ya dubi hagu ya dubi dama, bai ga wanda zai huce a kansa ba sai akuya. Haushi ɗaya ya yi, ta yi tsalle ta bi ta tsakanin ƙafafun Sylvanus, ta haye katakon, ta faɗa kasuwa, kare na bin ta. Farantan tumatir suka tashi sama. Tulin barkono ya watse. Wata mai manja ta rungume galan ɗinta tana kiran Yesu. Malam Usman, wanda ba a taɓa jin muryarsa ta wuce ƙofar ɗakinsa ba, ya tattare riga ya bi su yana kururuwa, "Akuyar suna ce! Jama'a, akuyar suna ce!"

Bitrus ne ya dawo da su, akuya a hammata ɗaya, kare a ɗaya, masu tumatir na biye da shi suna zagi da harsuna huɗu.

Naomi ta share hawayen dariya. "Oga Farfesa, don Allah ka ji. Ka fara kai akuya. Ka dawo ka ɗauki kare. In ka sauke shi, ka dawo da akuyar. Ka ajiye ta ka kai kabeji wurin kare, tunda kare ba ya cin kabeji. Sannan ka dawo ka ɗauki akuya. An gama."

Taron ya ɗauki guna-guni. Mai gyaran rediyo ya bi lissafin da yatsu ya ce, "Wallahi ta fita!"

Sylvanus ya ji kunnuwansa sun yi zafi. Ya san ta fita. Amma daga bakin Naomi, a gaban duk Television?

"In dawo da akuya?" ya ce. "Bayan na sha wahalar kai ta? Wane irin lojik ne mutum ya ci gaba kuma ya koma baya? Sawu bakwai! Wannan lissafin masu ninke atamfa ne. Ku matsa ku ga na masu ƙwaƙwalwa. Littafin ya ce kwale-kwalen ƙarami ne. Ya ce kan mutumin ƙarami ne? Ya ce ba shi da ƙugu? Sawu ɗaya!"

Ya sa akuya a baro. Ya ɗaure igiyar Kofur a bel ɗinsa. Ya sa Bitrus ya ɗora masa kwandon kabeji a ka. Ya cusa littafin a aljihun kwat, ya kama hannayen baro, ya taka katako.

Taku uku na farko, abin ya tafi daidai, har wasu suka fara tafi. Sylvanus ya ji ƙirjinsa ya buɗe. A taku na huɗu akuya ta ji ƙanshin kabeji a sama, ta miƙe ta dafa kafaɗunsa da ƙafafun gaba. A na biyar Kofur ya ga akuya ta miƙe, ya zagayo ta gaba, igiya ta naɗe gwiwoyin Sylvanus. Katako ya fara lilo. Ya tsaya cak a tsakiya, ba gaba ba baya, akuya tana cin kabeji a kansa, kare yana haushi a tsakanin ƙafafunsa, shi kuwa yana cewa, "Komai yana tafiya bisa tsari! Kada kowa ya taɓa!"

A daidai nan zumuntar mata suka ɓullo daga kwana, su wajen talatin, zane iri ɗaya, suna tafe suna waƙa. Eunice ce a gaba. Waƙar ta mutu a bakinta.

"Baban Celina! Kabejin godiyata!"

Da bai waiwaya ba, wataƙila da ya kai. Ya waiwaya.

Baro ya yi hagu, kwando ya yi dama, bel ya tsinke. Akuya ta taka kansa ta dira a tsallake da kabeji a baki. Kofur ya bi ta da guntun bel yana ja. Sylvanus ya kaɗa hannuwa sau biyu kamar mai shirin tashi sama, sannan lambatu ya karɓe shi da wata ƙara da aka ji har cikin kasuwa. Da ya ɗago, ruwan ya kai masa ƙirji, ganyen kabeji a kunne, littafin kuwa ya kama hanyar kogin Kaduna shafi-shafi.

Baba Shekari ya tako da sandarsa har bakin lambatu, ya leƙa ƙasa, ya leƙa tsallake.

"To, jama'a, ku shaida," ya ce. "Kura ta haye. Akuya ta haye. Kabeji ma ya haye, yana cikin akuya. Mai kwale-kwalen ne kawai ya nutse."

Dariyar da aka yi, har mai gyaran rediyo sai da ya faɗo daga benci. Bitrus ya jawo malaminsa da hannu ɗaya. Eunice ta tsince ragowar kabejinta ta yi gida. Da safe dai duk coci sun ga Sylvanus a cikin layin mata, ɗauke da faranti mai kabeji uku, biyu daga ciki da sawun haƙori, yana tafe yana rawa dole, matarsa na bayansa tana lura da ƙafarsa.

Ran Litinin aka yi jarrabawa. Sylvanus ne ya fara gamawa, ya miƙa takarda tun saura rabin awa, ya fito yana gaya wa masu gadi cewa tambayoyin sun yi masa sauƙi har ya gyara wa masu jarrabawar guda biyu.

Bayan mako ɗaya aka manna sakamako. Naomi ce ta biyu a duk masaƙar. Malam Usman ya ci. Bitrus ma ya tsallake da ƙyar, ya rungume allon sanarwa yana kuka. Sylvanus ya bi sunaye daga sama har ƙasa, ya sake bi daga ƙasa, ya ɗaga takardar ya duba bayanta. Ba a kore shi ba. An dai ba shi tsintsiya da harabar masaƙa, abin da ya bayyana wa Eunice a matsayin canjin sashe zuwa wuri mai iska.

Da yamma ya tare su a tsakar gida. "Ku faɗi gaskiya. Ba darasina ne ya fitar da ku ba?"

"Shi ne, Oga," in ji Malam Usman. "Kullum in ka tashi, mukan zauna a ƙofar Naomi mu soke amsar da ka zaɓa. In aka cire taka, saura biyu, sai mu yi gardama a kansu har mu gane. Ba ka taɓa ba mu kunya ba."

Sylvanus ya juya maganar, ya ga ta kowane gefe yabo ce. Ran Asabar ya samo kwali, ya tsoma tsinke a ragowar shuɗi, ya rubuta ya rataye a ƙofar gida: MAKARANTAR LOJIK. MUTUM HUƊU SUKA ZAUNA, UKU SUKA CI.

Wani mai wucewa a kan keke ya taka birki, ya karanta, ya jinjina kai. "Kai, ba laifi. To Oga, na huɗun fa, me ya same shi?"

Sylvanus ya gyara tsayuwa. "Wani mutum ne, ba ya sauraro. Surutu ya yi masa yawa a aji."

Baba Shekari, da ke kishingiɗe a bakin ƙofa, ya buɗe ido ɗaya.

"Naomi!" ya ƙwala kira. "Kawo biron nan naki na ofis ki ba shi maki. Yau dai ya ci ɗaya."